Ba Zan Kai Ka Wurin Goggo Kande Ba

Habibu ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka Dutse lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari da ubangida mai tsoron Allah. Babanka yana gaishe ka, ƙanwarka Zinatu ma haka. Na cusa wannan takarda ƙarƙashin ƙullin yajinka ne da gangan, don na san shi za ka fara nema kafin sallaya. Ka yi haƙuri da rubutun. Na makarantar yaƙi da jahilci ne, kuma raina a ɓace yake, sai ka haɗa biyun.

Tun ranar da aka ɗauke ka aikin raka masu yawon buɗe ido ba ka bar kunnena ya huta ba. Inna za a gyara hanya, Inna duniya za ta san mu, Inna al'adarmu za ta farfaɗo. Na yi shiru don ba na son sage maka gwiwa. Amma shekaranjiya muna cin tuwo ka ce in raka ka ƙauyen Goggonka Kande, can bayan Farin Dutse, in sa baki ta yarda ka riƙa kawo baƙi suna kallon yadda ake kai amarya dutse. Har ka ƙara da cewa da bikin Zinatu za a fara bayan kaka, tunda na gida ne, ba mai hanawa. Daga nan na tsame hannuna daga tuwon. Na tashi na shiga ɗaki, kai kuwa ka ɗauka ciwon ƙafata ne ya motsa. Ba ƙafa ba ce. Da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba nasiha ba ce.

Amsata ita ce a'a. Na san za ka ce tsohuwa ce mai tsoron sabon abu, shi ya sa zan ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Aikin da kake ɗokinsa, na riga ka yi, ba albashi ba kati a wuya, kuma ni ce na kashe dutsen amare na unguwarmu a nan Birnin Kudu.

Bari in fara gaya maka abin da ake yi a can, don kai namiji ne, iyakarka gindin dutse, kuma lokacin da ake yin na gaskiya ƙwallo ce a gabanka. Ana gobe za a sa amarya a lalle, bayan la'asar, mata kan hau da ita wajen duwatsun nan masu amo, kusa da kogon da aka zana shanu. Kowace ƙawa ta ɗauki ɗan dutse daidai tafin hannunta, ta tsaya a gurbinta. Guraben sun lotsa sun yi santsi saboda dukan kakanninmu. Babbar mace ɗaya ta kama babban dutsen, ita ke ja, sauran suna bi, ana kiɗa ana waƙa. Amarya kuwa tana tsakiya a lulluɓe, kanta a cinyar alwanka, matar da za ta yi mata wankan aure. A nan take faɗin duk abin da ke cikinta. Tsoronta, haushin wani da take ji a gidansu, abin da ta gani ta haɗiye tun tana ƙarama, duk ta fito da shi da murya, ta yi kukanta ta ƙoshi. Ba mai ji, don amon dutsen ya fi ƙarfin muryar mutum. Ita alwankar ma rabi take ji, kuma da rabin za a binne ta. Kiɗan da kake cewa zai burge baƙi ba don daɗi aka yi shi ba, labule ne. Malaman unguwa sun sha tambaya ko tsafi ne, iyayenmu suka ce ba a yanka komai, ba a roƙon dutse komai, yarinya ce kawai ke sauke kaya kafin ta shiga gidan wasu.

Da aka ba mu jiha, sai baƙi suka fara zuwa ganin zanen shanun. Wasu daga Legas, wasu ɗalibai daga Kano, wasu Turawa masu gajeren wando da jar fata kamar an gasa su. Babanka yakan ɗauko su daga tasha a bas ɗinsa, ni kuma na kafa tanda a gindin tsamiyar da ke ƙasan dutsen ina sayar musu da waina da kunu. Akwai tafinta mai binsu, ɗan garin nan ne da ya gama sakandare. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu mai iyali ne. Wata rana wani baƙo ya nuna guraben ya tambayi abin da ya cinye dutse haka. Ba wanda ya aike ni. Na ajiye cokalin waina, na hau, na ɗauki ɗan dutse na buga. Habibu, da ka ga fuskokinsu. Ni da ba wanda ya taɓa tafa wa a duniya, sai ga masu digiri suna tafa mini. Kaina ya kumbura tun daga ranar.

Kafin wata ya zagayo na tara 'yan matan unguwa muna yi musu wasan kai amarya. Ba uwar da ta yarda 'yarta ta zama amaryar ƙarya, sun ce ba kyau. Sai na ɗauko babban mayafina na lulluɓa, na kwanta a cinyar wata maƙwabciya ina girgiza kafaɗa kamar mai kuka. Ni uwarka, ga Zinatu tana gefe tana jan zanina tana cewa, "Inna, wainar tana ƙonewa." Babanka ya ce, "Ke yanzu sau nawa zan aure ki?" Na ce ya ja bas ɗinsa ya ba ni wuri.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne waƙar. Waƙar kai amarya doguwa ce, kowace ƙawa da nata baitin, akan kai faɗuwar rana ba a gama ba. Su kuwa baƙi da hantsi suke zuwa, rana na dukansu, tafinta yana ta nuna mini agogo don mota za ta koma. Sai na yanke. Na bar amshi da baitin farko, don su suka fi daɗin tafi. Muka yi ta maimaita guntun nan har ya zama shi ne waƙar. Yau ka tara 'yan matan unguwar nan ka ce su yi, amshi kawai za su ba ka. Ni kaina da na gaje ta a bakin kakata, na zauna kwanan baya ina son in haɗa baitocin, wasu sun tafi ba su bar mini ko kalma ba. To ka ji nasiha ta farko. In abu ya fi ƙarfin lokacin motarka, ka bar shi yadda yake ka tafi da baƙinka. Kada ka sa mutane su datse abinsu don ya shiga agogon wani, domin guntun shi zai rage a hannun 'ya'yansu.

Sai kuma ƙarya. Wannan ita ta fi ba ni haushi, don har gida ta biyo ni. Kowane baƙo sai ya tambayi wa ya zana shanun. Gaskiyar ita ce ban sani ba, kakata ba ta sani ba, tata kakar ma ba ta sani ba. Amma mutum ya taso daga wata uwa duniya, ya tsaya a gabanka da littafi da biro, ka ce masa ba ka sani ba? Na ji kunya. Sai na ce wai wata amaryar Fulani ce aka kawo daga nesa, kewar garken ubanta ta dame ta, ta zana su da sauran lallenta. A tsaye na ƙaga shi, hannuna duk mai. Suka rubuta, wata har da share hawaye. Da na ga ya karɓu, sai na ƙara wa amaryar suna, na ba ta saniyar da ta fi so.

Ranar da ka dawo daga neman aikin nan ka zo kana karanta mini 'yar takardar da kuke raba wa baƙi, kana fassara mini da alfahari. Me zan ji? Amaryata ce da lallenta da saniyarta. Ka ce, "Inna, kin ga tarihi, ku kuna zaune kusa da shi ba ku sani ba." Yaron da na yi wa tsarki yana koya mini ƙaryata da Turanci. Ka je ka gaya wa masu gidanka su cire ta, in sun tambayi hujja ka ce mai ƙaryar tana nan da ranta, tana suyar waina a Birnin Kudu. Kuma ka koyi cewa ban sani ba. Baƙon kirki ba zai raina ka don ita ba, wanda zai raina ka kuwa dama ba ilimi ya zo nema ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Asirin wasanmu ya tonu ne ta ƙafata. Wani Bature da ya taɓa zuwa ya dawo da abokansa, ya ƙura wa ƙafafuna ido da suka leƙo daga mayafi, ya tambayi tafinta ko amaryar bara ce aka sake aurarwa, don ya gane kaushin. Aka yi dariya, amma daga nan suka ce su na gaskiya suke so. A cikinsu akwai wata mata mai rikoda rataye a kafaɗa, mai ladabi ƙwarai, har durƙusawa take in za ta gaishe ni. Ta ce waƙoƙin mata take tarawa don kada su ɓace. Ban ga mugunta a idonta ba, kuma har yau ban ce tana da ita ba.

A makon ne ake bikin Hansai, 'yar Malam Garba na bayan gidanmu. Za ka tuna shi, dogon nan mai rawani da ba ya rasa sahun farko a masallaci, mai rumbu biyu a ƙofar gida. Uwar Hansai aminiyata ce, kuma ni aka ba babban dutsen a ranar, ni zan ja kiɗa. Na je na same ta tana tankaɗe na ce, "Yaya, baƙi ne suka roƙa. Nesa za su tsaya, waƙa kawai za su ji."

Ta ce, "Anya kuwa? Ba a taɓa yi ba."

Na ce, "Ko Hausa ba sa ji. Kuma sun zo garinmu, a ce mun hana su?"

Ta ce, "To, tunda ke ce."

Ba a gaya wa Hansai ba. An ce kada a ƙara mata damuwa.

Muka hau bayan la'asar. Hansai auren so za ta yi, yaron kirki ne mai ɗinki, don haka na ɗauka kukan al'ada kawai za ta yi mu sauko. Muka fara kiɗa, dutse ya ɗauka, ta kifa kai a cinyar alwanka. Baƙin suna can nesa kamar yadda aka yi alkawari. Sai suka matso kaɗan don rana. Suka ƙara matsowa don hoto. Can sai ga tafinta a bayana yana raɗa mini a kunne, "Inna, ta ce kiɗan ya yi yawa, rikodar ba ta kama muryoyin. Ku ɗan sassauta."

Na waiga na ga matar ta haɗa hannu biyu tana roƙo da murmushi. Baƙuwa ce, ta durƙusa mini da safe, ta ci wainata ta yaba. Wallahi abin da ya zo mini kawai shi ne kada a ce mutanen Birnin Kudu ba su da karamci. Na sassauta hannu. Ƙawaye suka ga babban dutse ya yi ƙasa, su ma suka yi ƙasa, don haka aka koya musu.

Muryar Hansai ta fito fili. Tana cikin mayafi, ba ta san labule ya yaye ba. Tana cewa wa zai kula da Innarta in ta tafi. Tana cewa rumbunan Babanta tun bazara ba komai a ciki sai kara, dami kaɗan ya jera a sama don masu wucewa. Tana cewa azumin da Innarta ke yi ba na nafila ba ne, abincin ne ba ya isa. Surfen da Innar ke yi wa maƙwabta ana cewa na kayan kwalliyar amarya ne, ladansa ake ci a gidan. Kuma Babanta ya sayar da sansa na noma don a yi mata kayan ɗaki kamar na kowa, ya ce wa mutane ciwo ne ya kama san.

Alwanka ta ɗago ta watsa mini wani kallo. Na dawo hayyacina na rafka dutsen da ƙarfi har ɗan dutsen ya fasa mini yatsa, amma magana ta riga ta fita. Gaskiya ne baƙin ba sa jin Hausa. Na manta tafinta yana ji, kuma aikinsa kenan ya ji ya faɗa.

Ba na ce ya yi da mugunta ba. Ya fassara wa matar, ta tausaya, ta tambaya ko akwai abin da za ta taimaka da shi. Shi kuma ya ba da labarin a teburin mai shayi a tasha don a san halin da bawan Allah yake ciki. Ka san mutanenmu. Ba wanda ya yi wa Malam Garba dariya. Da dariya aka yi, da ya fi sauƙi. Kafin a gama biki, ƙwarya ta fara shiga gidansa. Wannan ya aiko da gero, wancan da dawa, wani ya aiko da dami a kan jaki da rana tsaka, kowa na gani. Liman ya ja shi gefe bayan sallah. Surukansa sababbi suka aiko da buhu. Mutumin da ya yi shekaru shi ke aika wa wasu, ya tsaya a zaure yana karɓa yana godiya, yana sa albarka. Ina leƙensa ta katanga, na ga yadda yake riƙe ƙwaryar kamar tana ƙona shi.

Ya daina zuwa sahun farko. Ya koma sallah a masallacin wata unguwa. Da aka yi kaka ya sayar da gidan, ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin uwarsa a ƙasar Gwaram. Uwar Hansai ta shigo yi mini sallama, ta gaishe ni, ta ce a yafi juna, ba ta zauna ba.

Daga bikin nan ba uwar da ta sake kai 'yarta dutsenmu. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya hana. Kowace ta ce nata bikin a gida za a yi komai. Wace uwa za ta kai 'yarta inda aka taɓa ji? Wasanmu na ƙarya ya ci gaba na ɗan lokaci ba tare da ni ba, wasu suka karɓa, har yau in baƙi sun zo akan sami masu yi musu guntun amshin nan. Dutsen yana nan, ana share shi, ana ɗaukar hotonsa, ya fi da tsabta. Amare ne babu.

Bara na haɗu da Hansai a kasuwar Gwaram, da goyo a bayanta, tana sayen daddawa. Na so in kauce, ta riga ta gan ni. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi kowa da sunansa, har kai. Na kama hannunta na ja ta bayan rumfa na ce, "Hansai, ki yafe mini abin da na yi miki a dutse."

Ta ce, "Haba Inna, na yafe tun tuni. Ai ba da gangan ba ne."

Na ce, "Malam fa? Ya yi miki faɗa a kai?"

Ta ce, "Ko sau ɗaya. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba." Ta gyara goyonta, sannan ta ce, "Sai dai bai sake yarda mun haɗa ido ba. In na kai masa ruwa, ƙasa yake kallo. Ni ce ya fi so a 'ya'yansa, Inna."

Na dawo a bas ɗin Babanka ban ce uffan ba har Birnin Kudu. Ya tambaye ni ko an yi mini sata a kasuwa.

Kada ka ɗauka ina ƙin baƙi ko ina ƙin aikinka. Da wainar gindin tsamiya aka yi maka kayan makaranta, ban manta ba. Masu saƙar faifai da tabarma sun ga alheri, kuma zanen shanun da yara ke jifa da duwatsu yanzu ana tsaronsa. Ka kai baƙinka su ga kogon. Ka kai su kasuwar Gwaram ranar cinta, su ga maƙera da masu jima, su ci tsire su sha fura. Duk wannan a fili ake yinsa, mai yinsa ya san ana kallonsa. Sai dai ka tambayi mutum kafin a ɗauki hotonsa, kuma ka tambaye shi a gefe, ba a gaban baƙon ba. Mu a gaban baƙo ba mu iya cewa a'a ba. Za mu ce to muna murmushi, mu koma gida mu kasa cin abinci. In ka ji an ce maka "to, tunda kai ne," ka sani an ƙi ne, kunyarka aka ji.

Shi ya sa kake son in raka ka wurin Goggo Kande, ko ka sani ko ba ka sani ba. In kai kaɗai ka je, za ta ba ka fura ta tambaye ka yaushe za ka yi aure, ta sallame ka. In ni na je, matar ƙaninta, na ce baƙi ne suka roƙa, ba za ta iya ba ni kunya ba. Dutsensu ya tsira ne don hanyar ba ta da kyau kuma ba a rubuta shi a takardar kowa ba. Can ake waƙar har ƙarshenta. Matan unguwarmu da har yanzu suke so, can suke kai 'ya'yansu a ɓoye, Babanka ke kai su, kuma bai taɓa gaya maka ba don ya san bakinka.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa muna cin tuwo. Za su tsaya nesa. Ba za a ɗauki magana ba. Kai za ka kula da komai. Habibu, kalmomina ne kake maimaita mini, har da yadda na karkata kai lokacin da nake faɗarsu. Kai ka fi ni ilimi, amma ba ka fi ni taurin ido ba, kuma ni ba a biyana albashi don in faranta wa baƙo rai, kai ana biyanka. Ranar da wanda ya biya kuɗin mota tun daga Legas ya haɗa hannu ya ce a ɗan sassauta, ga mai gidanka a tsaye yana kallonka, me za ka ce? Ko ma ba a sassauta ba. Ya isa yarinya ta san akwai baƙon ido a bayanta, za ta haɗiye maganarta ta yi kukan da ake so a gani, ta shiga gidan miji da kayanta a ciki.

Babanka ya ce in bar ka, yaro ne, in ya girma zai gane. Na ce masa ni ma da girmana na yi tawa, girma bai hana ni ba. In masu gidanka sun matsa maka, ka ce tsohuwar ta ƙi, ka ɗora mini. In kuma ka riga ka yi musu alkawari don a ga ƙwazonka, ka je ka warware, jin kunyar yini ɗaya ce. In ka zagaye ni ka je da kanka, to ka sani zan riga ka isa, kuma ni za ka tarar zaune a tsakiyar hanya da ciwon ƙafata, sai dai motarku ta bi ta kaina.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya hana ni haƙura in bar maganar. Jiya ina wanke tanda Zinatu ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta ji duk abin da ka faɗa muna cin tuwo. Ta daɗe tana wasa da bakin gyalenta, sannan ta ce, "Inna, a can wurin Goggo, da gaske ba a ji?"

Na ce, "Ba a ji."

Ta ce, "Ko ke?"

Na ce, "Ni zan kama babban dutsen. Ko ni."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta tashi ta ci gaba da shara. Ban san abin da ke cikin yarinyar nan ba. A ɗakina ta girma, ina ganin na san ta ciki da waje, ashe tana da abin da take jira ta faɗa inda ba zan ji ba. Wataƙila a kaina ne, wataƙila a kanka. Ba zan tambaye ta ba, kuma ranar zan yi dukan da ko hannuna zai tsage ba zan sassauta ba. Ka zo bikin ƙanwarka kai kaɗai, da sabuwar riga, ka tsaya a gindin dutse tare da maza. Na riga na ce mata ba a ji, Habibu. Kada ka mai da ni maƙaryaciya a wurinta.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fara aikin nan a sa'a, Ya ba ka halal mai yalwa. Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya tsare harshenka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya sa kai ma ka zama mai rufa na wasu. Ka riƙe sallah a kan lokaci, kuma kada ka cinye yajin nan a mako ɗaya.

Wassalam.

Innarka